Yadda Za Ka Daidaita Barci, Ibada da Hutu Idan Lokacin Aikinka Ya Canja

Tun daga watan Yuni na 2022, lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Apapa da Surulere, 'yan'uwanmu da dama suka koma gadi, ko aikin masana'anta, ko dako a kasuwar Mile 12. Mutumin da ya saba fita da safe ya dawo da almuru sai ga shi ana bukatar ya kwana ido biyu, alhali jiki ba ya karɓar irin wannan sauyi a rana ɗaya.

Ka fara da lissafin sa'o'in da aikin ke ci, ka haɗa da na hanya, domin a Legas wanda bai lissafa hanya ba bai yi lissafi ba. Mai aikin dare yana da wani sauƙi a nan: idan yana zaune a Agege yana gadi a Ikoyi, lokacin da jama'a ke tururuwa zuwa tsibirin da Ikoyi take da safe shi kuma gida ya nufa. Ka gwada hanyarka kwana biyu ko uku, ka riƙe lokacin da ta fi ci.

Bayan haka sai barci, wanda shi ne ginshiƙin al'amarin, kuma shi mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Baligi yana bukatar aƙalla sa'o'i 7 a kowace rana, kuma idan ba za su samu a haɗe ba, babu laifi a raba su biyu. Wanda ya isa gida ƙarfe 8 na safe zai iya kwantawa daga 8:30 zuwa 1:30, ya tashi ya yi azahar ya ci abinci, sannan ya ƙara runtsawa kafin la'asar. Salloli su ne turakun da za ka ɗaure jadawalinka a kansu, tun da lokutansu ba sa bin canjin aikinka.

Sai dai barcin rana a gidan haya mai ɗakuna fuska da fuska ba ƙaramin aiki ba ne: kwano ya ɗauki zafi, janaretan maƙwabci yana ruri, yara suna guje-guje a baranda. Ka rataya labule mai kauri ko tsohon bargo a taga, domin haske ne ke sanar da jiki cewa lokacin tashi ya yi. Ka watsa ruwa kafin ka kwanta, ka kashe ƙarar waya, ka kuma gaya wa abokan zamanka sa'o'in barcinka cikin girmamawa, don kada a riƙa ƙwanƙwasa maka ƙofa saboda aron bokiti.

Goro, shayi da kofi suna daɗewa a jiki suna hana barci, saboda haka ka sha su a farkon dare, ka bar su kimanin sa'o'i 6 kafin lokacin kwanciyarka. Abinci mai nauyi kuma ka ci shi kafin ka fita aiki.

Idan an sanar da kai canjin tun da wuri, ka riƙa jinkirta kwanciya da sa'a ɗaya ko biyu kullum har ka isa sabon lokacin.

Lokacin hutu shi ne na ƙarshe a tsari, amma ina roƙonka kada ka bar shi ga dace. Tsakanin la'asar da fitarka ka ware wa kiran iyali a gida lokaci sananne, yadda mai ɗakinka da yara za su san lokacin da za su ji muryarka, sannan ka zaɓi rana ɗaya ta majalisa ko ta karatu. Ranar Juma'a kuwa ka kwanta da wuri, ka kuma roƙi wani ya tashe ka kafin a shiga huɗuba.