Yadda za ka taimaki mai ɗauke da cutar HIV ya farfaɗo ba tare da ƙyama ba

Da aka sallamo yayana, mai ɗauke da cutar, daga asibiti, ƙafafunsa sun yi rauni, tafin ƙafar na zugi kamar ana soka masa allura. Likita ya ce ya riƙa zuwa gashin ƙashi da motsa jiki. Ya ƙi, don kada wani ya gan shi a layi.

Da farko, kada ka ware masa kofi ko cokali. Cutar ba ta yaɗuwa ta cin abinci tare, musabaha ko cizon sauro, amma ranar da ya ga an ware masa kofi, ranar zai fara ɓoye maganinsa. Ni da kofinsa na sha ruwa a gabansa, ban ce uffan ba.

Raka shi wurin gashin, ka zauna kusa da shi. Kada ka faɗa wa kowa halin da yake ciki sai da izininsa, ko da mahaifiya ce. Tuna masa maganin kullum. Idan maganin ya sa yawan ƙwayar cutar ya tsaya ƙasa da 200 a mililita na jini, ba ya yaɗa ta ta hanyar jima'i. A gida, da tafiyar minti 10 yayana ya fara, yana dafa bango.