Yadda Ake Shirin Halartar Bikin Yaye Ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya

Duk iyalin da ɗansu ko 'yarsu ta kammala karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, sun san cewa ranar bikin yaye ɗalibai ba ta ɗalibin ba ce shi kaɗai. Rana ce ta uwar da ta yi ta dashi domin kuɗin rajista, da uban da ya sayar da buhunan masara a kakar da bai yi niyya ba. Saboda haka duk shirin da za a yi, a auna shi da ƙarfin dattawan da za a tafi da su, domin matashi yana iya wuni a tsaye cikin rana ya kwana a ɗakin aboki, amma tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta iya ba.

Matakin farko shi ne tabbatar da rana da tsarin bikin daga sanarwar jami'a kanta, wadda takan fito a shafinta na intanet da jaridu, kada a dogara da saƙon da ake yaɗawa a WhatsApp. Bikin yakan ɗauki fiye da yini guda, domin akan gabatar da lacca ta musamman kafin babbar ranar, kuma akan raba lokacin masu digiri na farko da na masu digiri na biyu da na digirgir. Wani lokaci ana haɗa ɗaliban shekaru biyu ko fiye a yaye su tare, don haka ɗalibin ya duba da idonsa ya ga sunansa yana cikin jerin waɗanda za a yaye. Idan kuwa ya riga ya tafi hidimar ƙasa, kamar yadda yakan faru ga da yawa, to ya nemi izini a wurin aikinsa tun da wuri.

Daga nan sai a zauna a gida a yanke shawarar waɗanda za su je, kuma a nan ne aka fi samun matsala, domin kowa yana son zuwa, mutum kuma yana jin nauyin ya ce wa gwaggo ko kawu su zauna. Gaskiyar magana ita ce katin gayyatar da ake ba ɗalibi ba ya ɗaukar dangi duka, kujerun da ke ƙarƙashin rumfa kuma ƙidayayyu ne. Shawarata ita ce a ba uwa da uba katin, a haɗa su da mutum ɗaya mai jini a jika wanda ba shi da wani aiki a ranar sai kula da su. Sauran dangi a gaya musu cikin ladabi cewa za a yi walima a gida bayan an dawo, kuma a sa ranar tun yanzu domin kada su ɗauka an ware su. Ƙananan yara a bar su a gida idan da hali, saboda cunkoso da tsawon zama.

Sai batun kuɗi. A rubuta komai a takarda: kuɗin mota zuwa da dawowa, masauki na kwana biyu, abinci, hayar rigar bikin da hularta, kuɗin hoto, sannan a ware wani abu na ko-ta-kwana. A riƙe tsabar kuɗi a hannu, domin a irin wannan rana layi yakan yi tsawo a wurin masu POS, tura kuɗi ta waya kuma yakan maƙale.

Masauki shi ne abin da ba ya jira. Babbar harabar jami'ar tana Samaru, a kan hanyar da ta nufi Funtuwa da Sakkwato, kuma ɗakunan baƙi da ke kusa da ita su ne suke fara cika da zarar an sanar da rana. Wanda ya makara sai ya nemi wuri a Sabon Gari ko wajen Kongo, inda harabar jami'ar ta biyu take, ya kuma sani cewa da safe sai ya bi ta Kwangila kafin ya kai Samaru, wurin da motoci kan cushe. Idan akwai dangi ko aminai a Zariya, sauka a wurinsu ya fi daɗi ga dattawa, sai dai a sanar da su makonni kafin zuwa, a faɗi yawan mutane, a kuma tafi da tsaraba. Idan otal za a kama, a nemi ɗakin ƙasa domin kada a sa tsoho hawan bene, a kuma tambayi batun ruwa da wuta kafin a biya.

Tafiya a yi ta da rana, a isa kwana guda kafin bikin. Daga Kano kimanin kilomita 150 ne, ana samun mota a tashar Unguwa Uku. Daga Kaduna kuwa kimanin kilomita 80 ne, ana hawa a Kawo. Mai tasowa daga Abuja yana iya shiga jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa ya sauka a Rigasa, sannan ya ƙarasa da mota. Idan tafiyar ta faɗo ranar Juma'a, a yi sammako domin a isa kafin lokacin masallaci. Mai zuwa da motarsa ya kai ta wurin bakanike tun ana saura kwana uku, ya duba tayoyi da birki, kada a bari sai daren tafiya.

Shi ɗalibin ya kamata ya riga kowa isa da kwana biyu, domin ya biya kuɗin riga, ya karɓe ta tare da katin gayyata, ya gwada ta, ya goge ta, ya kuma san ranar da za a mayar da ita. A yammacin jajibiri ya ɗauki wanda zai kula da iyaye su zaga harabar da ƙafa, su ga dandalin da za a yi taron, da wurin ajiye motoci, da bayan gida mafi kusa, da masallaci. Mafi muhimmanci, su zaɓi wuri guda sananne da za a haɗu bayan an tashi, kamar gaban ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, su kuma sa lokaci.

Wannan batu na wurin haɗuwa ina nanata shi ne saboda abin da ya same mu a bikin ƙanwata. Mun dogara da waya, muka ce idan an tashi za mu kira juna, sai jama'a suka yi yawa har kira ya daina shiga. Inna ta zauna a gindin wata bishiya riƙe da kular dambun naman da ta kwana tana yi, tana ɗaga kai duk lokacin da wata mai irin rigar ta wuce, kuma ɗaruruwa ne sanye da riga iri ɗaya. Sai da muka yi fiye da awa guda kafin muka haɗu, lokacin rana ta riga ta gajiyar da ita, har hotunan da aka ɗauka sun nuna hakan. Laifinmu ne, kuma magana ɗaya a daren jajibiri da ta wadatar.

A ranar bikin a karya kumallo sosai, a fita da wuri, domin da zarar ayarin manyan baƙi ya fara shigowa jami'an tsaro sukan taƙaita zirga-zirga a ƙofofi. A jaka a sa ruwan sha, da laima, da ƙaramar darduma, da maganin da dattawa suke sha kullum, musamman na hawan jini ko ciwon sukari. Idan lokacin hunturu ne a ƙara da rigar sanyi da man shafawa, domin sanyin safiyar Samaru yana ratsa jiki, kafin azahar kuma rana ta buɗe. Takalmi ya zama mai sauƙin tafiya, tunda tsakanin wurin ajiye mota da dandali akwai 'yar tazara.

Yana da kyau a shirya zukatan iyaye game da yadda taron yake gudana. A manyan jami'o'i galibi ba a kiran sunan kowane mai digiri na farko, saboda yawansu ya kai dubbai. Shugaban kowace tsangaya ne yake gabatar da ɗalibansa, su miƙe gaba ɗaya, uban jami'a ya tabbatar musu da digirinsu. Waɗanda aka fi kira ɗaya bayan ɗaya su ne masu digirin digirgir da waɗanda suka ci kyaututtuka. Uban da ya zo yana jiran ya ji an ambaci sunan ɗansa a lasifika zai ji ba daɗi idan ba a gaya masa ba, amma idan ya san sunan tsangayar, zai kasa kunne ya gane daidai lokacin da ɗansa ya miƙe.

Bayan an tashi masu hoto za su kewaye ku. A yi ciniki kafin a tsaya, a karɓi hoton a hannu kafin a biya duka, kuma a fara da hoton iyaye tun fuskokinsu ba su gaji ba, sannan abokai su biyo baya. A samu inuwa a shimfiɗa tabarma a ci abin da aka zo da shi, a miƙa wa maƙwabtan zama ko da ba a san su ba, a kwashe shara kafin a tashi. Idan ɗalibin yana da malamin da ya riƙe shi da kyau, ya kai iyayensa su yi masa godiya.

Kada a kama hanya da yamma cikin gajiya. A sake kwana, ɗalibin ya mayar da riga ya karɓi shaidar mayarwa, ya tambayi ofishin da ake karɓar takardar shaidar digiri da abubuwan da ake buƙata, sannan a tashi da safe bayan an yi sallama da masu masauki.