Yadda ake yawon kwana biyu a Akra daga Kumasi

Na sha raka mutanenmu na Aboabo da Asawase zuwa Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, kuma kusan kullum abu ɗaya ke faruwa. Mutum ya bar gida ƙarfe tara na safe, ya iso da la'asar, ya zarce gidan goggonsa a Nima, washegari ya hau mota ya koma, ko teku bai gani ba. Ga yadda nake tsara tawa tafiyar.

Da farko mota. Kana idar da sallar asuba ka nufi tashar Asafo, ka shiga babbar bas. Ƙananan motocin sun fi sauri, amma ni ba na sa yarana a cikinsu. Tafiyar wajen kilomita 250 ce, ta Nkawkaw da Suhum da Nsawam, sai dai ba nisan ne ke kashe jiki ba, cunkoson shiga gari ne, daga Pokuase zuwa Ofankor. A Circle, babbar mahaɗar hanyoyi da tashar motoci ta Akra, za ka sauka. Riƙe wayarka da kyau a wurin.

Na biyu, kuma nan ne yawancin mutane ke faɗuwa: kada ka sanar da dangi ka iso. Na san maganar ba daɗin ji, amma ni ta taɓa cin ni. Wata shekara na zo da ƙanena, muna sauka na buga wa goggo waya a Mamobi. Ta ce, "Ai ba ka isa ka wuce ba ka sha ruwa ba." Ruwan ya zama tuwo, tuwon ya zama "je ka gaida kawunka, ga shi nan bayan layi," kawu kuma ya ce ana suna a Fadama, kunya ce a ji na zo gari ban leƙa ba. Magariba ta same mu a cikin trotro, ƙaramar motar haya. Yaron nan da ya kwana yana murnar ganin teku, babban kwalbatin Nima kawai ya gani. Tun daga ranar, sai na gama yawona, bayan magariba, nake kira in ce ga ni nan tafe. Gaisuwar dare ta fi ma armashi, kowa ya dawo daga nema, ga shayi, kuma kuɗin otal ya huta tunda nan za ka kwana. Ka dai riƙo tsaraba, ko doya ce.

Na uku, ka haɗa wuraren bakin teku a zagaye ɗaya, kada ka riƙa tsallaka gari gaba da baya. Fara da makwancin Kwame Nkrumah, wanda aka gyara aka sake buɗewa a 2023. A filin nan ne ya shelanta 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957, kuma shi da matarsa Fathia duk nan aka binne su. Akwai mutum-mutuminsa da aka sare wa kai lokacin juyin mulkin 1966. Tafi da katinka na Ghana Card, kuɗin shigar ɗan ƙasa daban yake da na baƙo. Daga nan dandalin Black Star ba nisa, hoto kawai za ka ɗauka, ba inuwa. Sai Jamestown, wurin hasumiyar fitilar jiragen ruwa da masunta. Ranar Talata masunta ba sa shiga teku.

Abinci kuwa, kada ka zo daga Kumasi ka nemi fufu, me ka baro a gida? Da rana ka ci dokunu irin na Gã, mutanen Akra, da soyayyen kifi da shito, wato miyar barkono. Amma ka buɗe ido: gasasshen naman da suke kira domedo alade ne, kuma wasu masu dokunu na sayar da shi a tebur ɗaya da kifin. Tambaya ba laifi ba ce. Da dare tsire da kelewele, wato soyayyar ayaba mai yaji, a Nima sun wadatar. Waakye, wato wake da shinkafa, na safe ne, mai kyau kafin sha ɗaya ta kankare tukunya, don haka bar shi sai washegari, ka bi inda layi ya fi tsawo.

Rana ta biyu gajeriya ce. Ka ci waakye ɗinka, ka taka zuwa babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, daga Nima ko mota ba ka buƙata. In tafiyar ta faɗo Juma'a, to ka yi sa'a. Kasuwar Makola ba dole ba ce, wanda ya saba da kasuwar Kejetia ta Kumasi ba abin da zai ba shi mamaki, sai in matar gida ta ba ka saƙon atamfa. Kafin ƙarfe biyu ka kasance a Circle ka yanki tikiti, in ka kai huɗu a Ofankor za ka yi magariba.