Daga Shika zuwa Ingila: bincike ba sai da digirin digirgir ba

Da na zo hutun Sallah gida Zariya, wani ƙanena da ya yi karatun likita a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ya tare ni wurin mai shayi a Samaru. Ya ci jarrabawar PLAB, wadda likitocin ƙasashen waje ke yi don samun izinin aiki a Birtaniya, aiki na jiransa a Ingila, amma bincike ne a ransa.

"Yaya, ai an ce sai mai digirin digirgir ake bari ya taɓa wannan harka."

Na ce, wa ya faɗa maka? Ga abin da na gaya masa, ku ma masu haɗa kaya ku saurara.

Da ka sauka, fara da kwas ɗin GCP na ƙa'idojin gwajin magani a kan majinyata. Hukumar NIHR mai ɗaukar nauyin binciken lafiya a Ingila, wadda aka kafa a 2006, tana ba ma'aikatan asibitocin gwamnati shi kyauta ta intanet, yini ɗaya ya ishe ka. In ba ka da takardarsa, a gwaje-gwaje da yawa ba za a bari ka sa majinyaci ba. Daga nan nemi ofishin bincike na asibitinku, ka gaida nas-nas ɗin da ke wurin da ladabi. Su suka san gwajin da ke neman hannu, ba manyan likitoci ba, waɗanda ko wasiƙarka ba lallai su buɗe ba.

Hukumar NIHR tana da tsarin wata shida da za ka zama mataimakin jagoran gwaji a asibitinku, kana aikinka na kullum, a ƙarshe a ba ka shaida. Kada ka raina shi. Gwajin RECOVERY na Jami'ar Oxford, wanda a watan Yunin 2020 ya nuna maganin dexamethasone na rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, likitocin ɗakin jinya da nas-nas irinmu ne suka tara majinyatansa.

Akwai gurbin ACF na horon ƙwarewar likita haɗe da bincike, shekara uku, rubu'in lokacinka na bincike ne, sai dai takara da zafi. Masu son Amurka kuma, tallafin bincike na K23 na NIH, hukumar binciken lafiya ta ƙasar, yana karɓar digirin likita, amma sai ɗan ƙasa ko mai izinin zaman dindindin.

Kuma kada ka ɓoye inda ka fito. Masu sikila da ka duba a Shika, da masu tarin fuka da ka gani a asibitin Saye, abokin aikinka Bature sai ya shekara bai ga rabinsu ba. Faɗa musu tun ranar farko.

Abu ɗaya ya taɓa ƙona min rai a can. Na yi wata huɗu ina tattara bayanai daga fayil ɗin majinyata bayan na tashi aiki, takardar binciken ta fito, sunana na can ƙasa wajen godiya. Kunyar Bazazzage ce ta hana ni tambaya tun farko. Yanzu kafin in buɗe fayil ko ɗaya, sai an rubuto min a imel cewa ina cikin marubuta, da gurbin da sunana zai zauna.