Sandar fatsa ta fam 500: me ake saye da kuɗin?

Ɗan'uwa, idan karatu ko aikin kula da tsofaffi ya ajiye ka a garin bakin teku a Birtaniya, irin su Sunderland, Aberdeen, Plymouth ko Brighton, ba za ka yi wata guda ba sai ka lura da mutanen nan masu tsayuwa a kan gadar teku da dogayen sanduna. Sun jingina su a kan ƙarfe mai ƙafa uku, suna kurɓar shayi daga fulas kamar ba su da wurin zuwa. Wata rana cikin Yuli za ka leƙa bokitin ɗayansu ka ga kifin Titus, shi dai wanda ake sayar mana daskararre a gida, ga shi nan da ransa, bayansa yana walƙiya kore da shuɗi. Daga nan sha'awa take kama yawancinmu. Sai ka shiga shagon kayan kamun kifi, ka ga sanda ta fam 40 har da injin naɗe zare a jikinta, kusa da ita kuma wata tsura, ba inji ba zare, an rubuta mata fam 500. Ka juya lissafin zuwa naira, ka ce lallai mutanen nan ba su san ciwon kuɗi ba.

Sun sani sarai. Akwai abin da ake saye da kuɗin, sai dai ba dukansa ne zai amfane ka a shekararka ta farko ba.

Fara da jikin sandar kanta. Ba itace ba ce, ba gora ba ce, bututu ne da aka yi da zaren kabon. Ana ɗauko shimfiɗar zaren da aka jiƙa da wani irin danƙo, a naɗe ta a jikin siririn ƙarfe, a gasa, sannan a zare ƙarfen. Mai araha danƙonta ya yi yawa, kuma sau da yawa an haɗa ta da faiba, wato zaren gilas, shi ya sa take da kauri da nauyi. Mai tsada kabon ɗinta ya fi tauri, galibi na kamfanonin Japan irin su Toray, don haka kaɗan ake sawa ya wadatar. Kamfanin Century da ke Washington, nan kusa da Sunderland, a cikin tukunyar matsi yake gasa sandunansa don a matse iska da rarar danƙo. Kamfanin Zziplex na Kent shi ma ya yi suna a wannan fanni, Daiwa kuwa, duk da na Japan ne, yana da masana'anta a Wishaw ta Sikotilan tun 1977. Yawancin aikin da hannu ake yinsa, ga albashin ma'aikacin Birtaniya, to ka ga inda wani kaso na kuɗin ya tafi.

A cikin shago bambancin nauyin ba zai dame ka ba. Sai ka riƙe sanda mai tsawon ƙafa 13 ka yi ta jifa da dalmar da ake ɗaura wa zare don ya nutse, mai nauyin oza 5 ko 6, tun daga la'asar har bayan isha, a nan kafaɗarka za ta gaya maka gaskiya. Akwai kuma gwajin da za ka iya yi a gaban mai shago: haɗa sandar, ka girgiza ta sau ɗaya da ƙarfi, ka zuba wa bakinta ido. Ta kirki tana lanƙwasawa ta dawo ta tsaya cak. Mai araha sai ta yi ta rawa bayan ka daina. Wannan rawar ce take dukan zare yayin da yake fita, ta rage nisan jifa, wani lokaci ma ta naɗe zaren a bakin sandar ya tsinke, dalmarka ta tafi ita kaɗai.

Bakin sanda shi ne idonka, tunda ba ka ganin abin da ke faruwa a ƙasan ruwa. A tekun arewa maso gabas cikin hunturu, ga iska, ga igiyar ruwa tana jan zare, ga ciyawar teku tana maƙalewa, dole baki ya lanƙwasa ya zauna daram cikin wannan jan, sannan kuma ya nuna maka lokacin da ƙaramin kifi ya taɓa abincin ƙugiya. Haɗa laushin baki da ƙarfin gindi a sanda ɗaya shi ne aikin da ya fi wuya, har wasu masu ƙera sanduna suna dasa guntun faiba a bakin don ya yi laushi. Mai araha yawanci ɗaya take samu ta rasa ɗaya: ko ta yi laushi gaba ɗaya ba ta iya ɗaga kifi daga cikin duwatsu, ko ta sandare har kifi ya cinye tanarka ba ka sani ba.

Amma in ka tambaye ni inda kuɗin ya fi halatta, zan nuna maka zobban da zare yake bi ta cikinsu. Mu da muka san kamun kifi a Argungu, Yauri ko Doron Baga, ruwan daɗi muka sani, ba mu san sharrin gishiri ba. Ruwan teku yana cin ƙarfe ci na fitar hankali. Lamarin kamar shadda ne: ranar da aka sayo, ƙarama da gezna duk suna sheƙi, sai an kai wanki ake sanin wadda aka biya. Sandar fam 40 da ta kwana biyu a jiƙe cikin jakarta, za ka ga ja-ja ya fara fitowa a gindin zobba, a ƙarƙashin zaren da aka ɗaure su da shi, inda ba ka iya gogewa. Kafin hunturu ya ƙare ƙwayar tangaran ɗin da ke cikin zoben ta fice ko ta tsage. Tsagaggen zobe kuwa reza ne, kuma ba ya yanke zare sai ranar da babban kifi ya kama. Sanduna masu daraja kusan duk zobban Fuji suke sawa, wani kamfanin Japan. Ko a cikin na Fuji ƙwayar zoben tana da hawa-hawa: Alconite, sai SiC, sai Torzite, kuma firam ɗin ko na ƙarfen da ba ya saurin tsatsa ne ko na titaniyom wanda gishiri ba ya yi wa komai. Akwai samfurinsu mai harafin K da aka karkatar da firam ɗinsa gaba, don in zare ya naɗe ya zame da kansa. Wanda ya taɓa warware zare da daskararrun yatsu cikin duhu ya san darajar wannan. Haka maɗaurin inji: na banza yana sassautawa ana cikin jan kifi, na kirki in ka murɗa shi ya zauna ke nan.

Sai maganar gyara. Sanda mai tsada in rabinta ya karye, sau da yawa ana iya samun wannan rabin daga kamfanin, kuma akwai masu sana'ar sake ɗaura zobba da fenti, su mayar da sandar shekara 15 kamar sabuwa. In ka tashi komawa gida ko aiki ya mayar da kai Birmingham inda babu teku, za ka sayar da ita da daraja. Mai araha in ta karye sai bola.

To ga inda nake taka wa sababbin zuwa birki. Abin da ya fi jan mutane ga sandar fam 500 shi ne nisan jifa, kuma shi ne abin da kuɗi ba ya saya. Gwanayen gasar jifa suna wuce mita 250 a fili, amma da salon lilo da dalma wanda suka shafe shekaru suna koyo, kuma sandunansu an yi su da tauri ne don wannan salon. Kai da za ka ɗaga sanda ta bayan kai ka wurga, ba za ka iya lanƙwasa irin wannan sandar ba, sanda kuwa in ba ta lanƙwasa ba ba ta jifa. Za ka ga yaro da sandar fam 80 ya fi ka nisa, ga ciwon baya ka kwasa. Kuma kabon mai tauri ba ya son duka. Faɗuwa ɗaya a kan dutse ko matsewar ƙofar mota tana iya yi masa rauni a ɓoye, sai ana tsakiyar jifa ka ji ƙaras. Mai faiba ta fi jure wulaƙancin ɗan koyo. Ga shi kuma kifi da yawa ba nesa yake ba. Kifin bas, wanda Turawan nan suke ji da shi, sau tari a cikin kumfar bakin gaɓa yake kiwo. Titus kuwa in ya shigo tsakanin Yuni da Satumba, ba ruwansa da kuɗin sandarka: ƙugiyoyi masu gashin tsuntsu guda uku ko huɗu da dalma sun isa.

Shawarata ita ce ka bar ta fam 40 ɗin nan, araha ba ta ado, ka kuma bar ta fam 500 tukuna. Nemi ta tsakiya, tsakanin fam 100 da 200, wadda aka rubuta sunan Fuji a zobbanta. In ba ka da mota, ka kula da yawan gaɓoɓinta. Mai ƙafa 13 da ta rabu biyu, kowane rabi ya kai kusan mita 2, shiga bas da ita rigima ce, ajiye ta a ɗakin haya ma haka. Mai gaɓa uku ta mita 4.2 kowace gaɓa ba ta kai mita ɗaya da rabi ba, ga ta da laushin da ɗan koyo zai iya lanƙwasawa. A jikin kowace sanda an rubuta nauyin dalmar da take ɗauka, misali oza 4 zuwa 8 ko giram 100 zuwa 200. Kada ka wuce shi. Kuma kada ka yi jifa ba tare da kakkauran zaren gaba ba, wato wanda ake ƙullawa tsakanin zaren inji da dalma. Ƙa'idar da kowa ke bi ita ce ƙarfin laba 10 ga kowace oza ta dalma, wato dalmar oza 5 tana son zaren laba 50 ko fiye. Dalmar da ta tsinke a gada mai cike da mutane tana iya kashe rai.

In kuma ranka ya nace sai babbar sanda, nemi ta hannu. Tsofaffin masunta suna yawan sauya kaya, ana samunsu a eBay, a Facebook, da allon sanarwa na shagunan kayan su. Je ka gani da idonka, ka tafi da ɗan auduga. Zura ta cikin kowane zobe ka juya: in ta maƙale, akwai tsaga. Duba bakin mahaɗar gaɓoɓin ko akwai siririn layi, ka haɗa su ka girgiza ka ji ko suna ƙwanƙwasa. Shafa jikin sandar da yatsa daga gindi har baki. Ƙarcewar fenti ba komai ba ce, amma wurin da ya lotsa ko ya yi fari-fari, ka ce masa ka gode ka kama hanya.

Ragowar kuɗin akwai inda ya fi buƙatarsa. Rigar ruwa mai ɗumi, takalmi mai kama dutse, fitilar goshi, da rigar da ke hana nutsewa in za ka hau duwatsu. Teku a nan yana cika ya janye sau biyu a yini, kuma a mashigin Bristol bambancin yakan haura mita 12. A watan Fabrairun 2004 baƙi 'yan China sama da 20 suka halaka a Morecambe Bay suna tsintar ƙumba, ruwa ya zagaye su cikin dare. Baƙi ne irinmu, ba su san halin wurin ba. Duba jadawalin cikar teku kafin ka fita, yadda kake duba na salla, ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka. In wani abu ya faru, 999 za ka kira ka nemi masu gadin teku. Kabon yana ɗaukar wutar lantarki, don haka in hadari ya taso da walƙiya ka kwantar da sandar, ka kuma kula da wayoyin wuta na sama.

Doka ba ta da tsanani, amma tana nan. A Ingila da Wales fatsa a teku ba ta buƙatar lasisi, sai in kifin salmon ko dangoginsa masu hawa kogi kake nema. Kogi da tafki kuwa dole sai da lasisi, tarar rashinsa tana kaiwa fam 2,500. Wasu gadojin ana biyan kuɗin shiga ko sai da katin ƙungiya. Kowane kifi da girman da ba a ɗaukar ƙasa da shi: bas santimita 42, kod 35, Titus 30 a Tekun Arewa, 20 a sauran wurare. Bas ba a tafiya da shi gida a Fabrairu da Maris, kuma yawan da aka yarda ka ɗauka a rana yana sauyawa, sai ka duba shafin gwamnati a farkon kowace shekara. Abin da ka kama na tukunyarka ne da maƙwabta. Kada ka fara sayarwa a guruf ɗin WhatsApp, musamman in da bizar karatu kake, tunda ta hana sana'ar kai. Wuƙa kuma ta zauna cikin akwatin kayan su, kada ta kwana a aljihun jaket ka shiga gari da ita. Almakashi ma ya isa yanka abincin ƙugiya.

Shiga ƙungiyar masu fatsa ta garinku, kuɗin shekara ba shi da yawa. Dattawan nan da kake gani kamar ba sa magana, ka tambaye su yadda ake jifa ka ga ikon Allah, sai ka gaji da bayani. A wurinsu za ka riƙa sandar Century ko Zziplex ka yi jifa biyu-uku kyauta, ka ji ko hannunka ya kai. In hunturu ya zagayo ka ga kana fita neman kod cikin sanyin Disamba ba wanda ya aike ka, to lokacin sayen babbar ya yi.

Kowace ka saya, in ka dawo gida ka raba gaɓoɓinta, ka wanke ta da ruwan famfo, ka bi gindin zobba da tsohon buroshin haƙori, ka bar ta ta bushe a tsaye kafin ka mayar da ita jaka. Jakar ma ka wanke ta lokaci-lokaci, don gishiri yana zama a cikin yadin.