Turbo a kan injin rota na jirgin haɗin gida: inda aka fi yin tuntuɓe

Wata Asabar wani matashi ya shigo garejinmu a Agege rungume da turbo cikin buhun shinkafa, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa don ta tura ƙarin iska cikin injin. A kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ya sayo shi, ɗan Beljiyam, an ciro daga Mazda RX-7. Ya ce, "Baba, shi zan ɗora wa injin jirgin saman da nake haɗawa." Na sa yatsa na taɓa fankar, sai na ji tana lilo gefe da gefe. Na ce masa ko da lafiyarsa ƙalau ba zan yarda ba, domin wannan shi ne kuskuren da ya fi cin mutane.

Turbon mota an ƙera shi ne don ɗan taƙin lokaci: ka taka wuta, ka wuce tirela, ka ɗaga ƙafa. Jirgi kuwa tun daga kan titin tashi yake neman ƙarfi, ya yi mintuna yana hawa, sannan ya zauna awa biyu ko uku ba sassauci. Ga shi injin 13B na Mazda, mai rota biyu (ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a madadin fistin) da girman lita 1.3, hayaƙinsa ya fi na injin fistin zafi nesa ba kusa ba, yakan haura digiri 850 a ma'aunin Salshiyos, kuma yana fitowa da duka kamar na guduma saboda ƙofar hayaƙin buɗewa take farat ɗaya. Ƙaramin turbo ba ya jure wannan. Fankar ɓangaren hayaƙi takan tsage, wani lokaci ta ɓalle daga sandarta. Gyaran shi ne a nemi turbo mai faffaɗan gida a ɓangaren hayaƙi, wanda ba ya saurin ɗaukar gudu. Jinkirin da direban mota yake ƙi, matuƙin jirgi bai damu da shi ba, tunda ba ya taka wuta yana saki kamar mai danfo a Oshodi. A haɗa masa da ƙofar sakin hayaƙi ta waje mai girma, don 'yar ƙaramar da ke cikin turbon mota ba ta iya zubar da rarar, sai matsin iska ya yi ta hawa da kansa.

Sai maganar awo, kuma a nan nake so a natsu. Agogon matsin iska na mota yana nuna abin da aka ƙara ne a kan iskar waje. Mu a Legas muna bakin teku, iskar waje ta kai kusan inci 30 a ma'aunin matsin iska na jirgi. In ka hau ƙafa 10,000 ta ragu zuwa kusan 20 da rabi. Turbon da ke ƙara inci 12 zai ba ka 42 a Ikeja, amma can sama 32 da ɗoriya kawai zai bayar, alhali yana wahala fiye da dā, yana juyawa da sauri, iskar da yake turawa ta fi zafi, agogon motar kuwa bai motsa ba. Saboda haka agogon da ke auna cikakken matsi ake sakawa, kuma kafin a biya kuɗin turbo a nemi taswirarsa, wato zanen da ke nuna iyakar matsi da yawan iskar da yake iya turawa, daga kamfanin da ya ƙera shi, a duba inda zai faɗa a ƙasa da inda zai faɗa a tsayin da ake son tafiya.

Ni a ganina kwaɗayin ƙarfi ne ke kashe yawancin waɗannan injinan. Amfanin turbo a jirgi shi ne ya dawo maka da iskar bakin teku lokacin da kake sama, ko lokacin da za ka tashi daga filin Jos mai tsayin sama da ƙafa 4,000 da tsakar rana. Wanda ya tsaya kusa da inci 30 zuwa 35 ya rage wa kansa rabin matsala. Wanda ya zarce, musamman da rotar Mazda RX-8 mai matse iska da mai 10 bisa 1 a maimakon ta injin turbo mai 9 ko 8.5, yana neman mai ya fashe ba bisa ƙa'ida ba a cikin injin. Injin fistin yakan ɗan jure haka. Na rota kuwa sil ɗin da ke bakin kusurwar rota ne yake karyewa, gutsattsarinsa su bi hayaƙi su farfasa fankar turbo, kuma cikin ƙarar farfela ba za ka ji gargaɗi ba. Maganinsa shi ne a ba injin wadataccen fetur lokacin da turbo ke aiki, a ja lokacin wutar fulogi baya, a sa intakula mai sanyaya iskar da turbo ke turawa, a kuma yi hattara da fetur ɗin da ba a san ingancinsa ba. Famfon mai ya zama biyu.

Zafi a ƙarƙashin murfin inji ma ana raina shi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da injin rota ke zubarwa ta baƙin mai yake fita, don haka lagireton ruwa kaɗai bai isa ba, sai da babban na mai, balle a zafin Legas na watan Maris. Bututun salansa kada a yi shi da ƙarfen da mai walda ya samu a kusa; silba mai jure wuta lamba 321 ko ƙarfen Inconel ake nema, da garkuwa tsakaninsa da wayoyi da tiyon mai. Bututun da ke mayar da baƙin mai daga turbo ya gangara kai tsaye, ya kuma yi faɗi, in ba haka ba mai zai cika shi ya riƙa fita ta salansa.

Farfela mai kafaffen kusurwa takan zarce gudu a sama, tunda injin bai rasa ƙarfi ba iska kuma ta yi sauƙi, sai a yi lissafinta tare da giyar da ke rage juyin inji daga wajen 6,000 a minti zuwa abin da farfela ke ɗauka.

Matashin nan na ce masa ya ajiye turbon, ya fara ɗaure injin a ƙasa ya yi awanni yana gudu da agogon zafin hayaƙi a kan kowace rota, ya kuma je hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ya ji sharuɗɗanta tun kafin ya rufe fukafukai. Turbon Ladipo yana nan a kan kantata, ina nuna wa yara yadda fanka ke lilo.