Darasi na 9: Damuwar mai ciki da ƙwaƙwalwar ɗan tayi

Talatu tana zaune a Unguwar Rogo ta Jos, cikinta wata biyar. Tun da kasuwar maigidanta ta tsaya, barci ya ƙaurace mata. Ranar awo malamar asibiti ta dube ta, ta ce, "Baiwar Allah, me ke damunki? Kin rame."

Ta sunkuyar da kai. "Tunani ne kawai, Malama."

"To ai ba ke kaɗai kike ɗauke da shi ba."

Gaskiyar malamar ce. Idan hankali ya tashi, jiki yana sakin wani sinadari mai suna kotisol. Yana da amfaninsa, shi ke tattaro ƙarfin jiki in an ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, kuma mutanen Jos sun san irin wannan rana. Mabiyiya tana kashe kaifin mafi yawansa kafin ya isa ga ɗan tayi. Amma in fargaba ta yi wata da watanni, wanda ke wucewa yana ƙaruwa, ga shi kuwa ƙwaƙwalwar ɗa ta fara ginuwa tun sati na 3 zuwa na 4, wata macen ma ba ta tabbatar da ɓatan wata ba.

A Janairun 1998 ruwan ƙanƙara ya katse wutar lantarki a Kebek ta ƙasar Kanada, wasu gidaje suka yi makonni cikin duhu da sanyi. Masana sun bi 'ya'yan matan da ke da ciki a lokacin. Da suka kai shekara 2, waɗanda iyayensu suka fi shan wahala sun ɗan yi nauyin baki. Doguwar damuwa kan jawo haihuwar bakwaini ma.

Kada wannan ya zame miki sabon tunani. Ɓacin ran yini ɗaya ba ya lahanta ɗa, kuma kyakkyawan reno yana gyara abu da yawa.

Magidanta, da ku ake. Mu da muke raina goyon ciki, kakanninmu hutu suke nema wa mace da shi. A rage mata faɗa da ɗibar ruwa, a bar ta ta je awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je aƙalla sau 8. Kada ta sayi maganin barci a kemis ba da izinin likita ba.

Aiki: Rubuta sunan mutum ɗaya da kike iya faɗa wa damuwarki. Maza su rubuta aiki biyu da za su ɗauke wa mai ciki a gidansu.